Injin yanka dankalin da na saya da azumi: yanka kam ya iya, amma ba shi ke sa cibs ƙaras-ƙaras ba

Wata 10 ke nan da na sayi abin nan na yanka dankali, wanda masu shago ke ce ma inji duk da ba wuta yake ci ba, hannu ne kawai ake dannawa, kuma duk macen da ta shigo gidana ta gan shi aje bisa kanta sai ta tambaye ni, nawa kika saye shi, yana da ƙwari, wai da gaske yana fiddo cibs irin na gidan abinci? Na gaji da ba da amsa guntu-guntu a bakin ƙofa mutum na laluben takalminshi, ga wani azumin kuma na ƙaratowa na san da yawa za su ruga kasuwa nemanshi, shi ya sa na ce bari in zauna in faɗi abin da na gani, mai daɗi da marar daɗi.

Abin da ya kai ni saye tun farko wahala ce ba gayu ba. Mu 11 ke buɗa baki a gidanmu nan Ƙofar Ƙaura, ni da Abban yara da yara 5, ga Hajiya surukata, ga ƙannenshi 2 da ke karatu a poli, ga yarinyar da ke taya ni aiki, kuma cikin mutanen nan kaf babu wanda zai yarda a sha ruwa babu dankali da ƙwai. Ƙosai ya yi fashi ba mai magana, kunun tsamiya ma wata rana a haƙura, amma dankali? Tab. Ga azumin ya faɗo cikin Maris, wanda ya san zafin Katsina a lokacin nan ya san abin da nake nufi, kina zaune bisa kujera 'yar tsugunne tun bayan azahar kina fira kina yanka, zufa na zuba, wuƙa na zamewa, in kin ida ki leƙa roba ki ga wani kamar yatsan ƙato wani kamar tsinken sakace. Ana zubawa a mai siraran su ƙone, masu kaurin kuma cikinsu ɗanye.

Ran 4 ga azumi na ce ni kam na gaji, na tari kurkura sai babbar kasuwa, layin masu kayan kicin. Ban ma ida tambaya ba wani mai shago ya ce “Hajiya matso ki gani, wannan shi ne sirrin masu gidan abinci, ki sa dankali ki danna shi ke nan, cibs ɗinki zai fito kamar na Saudiyya.” Ya jawo wani dankali da ya aje don gwaji, har ya fara yamushewa don daɗewa, ya danna, sai ga shi ya zubo zara-zara kansu ɗaya. A take abin ya shiga raina, kuma kuskurena ke nan don ya gani a fuskata. N15,000 ya ce, na ce Malam ka ji tsoron Allah da azumi a bakinka, na taya N9,000 ya ce albarka, na yi kamar zan wuce ya kira ni, muka tsaya a N11,500. Daga baya wata maƙwabciyata ta fara ba ni labarin an sallama mata irinshi ƙasa da haka, na ce dan Allah riƙe labarinki ban son ji.

Ga wadda ba ta taɓa ganinshi ba, ɗan akwati ne na ƙarfe, tsawonshi bai wuce taƙi ɗaya da ɗan wani abu ba, yana da kwari a tsakiya inda ake kwantar da dankalin, gabanshi wuƙa ce mai gida-gida kamar ragar taga, bayanshi wani farin roba mai haƙora da ke tura dankalin in kin danna mariƙin. Wuƙa 2 ya zo da su, mai gida 36 tana fiddo mai kauri kamar ƙaramin yatsa, mai gida 64 kuma siriri kamar fensir, ita ce ta fi kusa da na gidajen abinci. A gindinshi akwai wata baƙar roba da aka ce tana kama tebur in an murɗa. Robar nan ina da magana a kanta, zan dawo.

Ranar farko da murnata na fere dankali roba guda, cikin minti 10 na ida yankan da ke cin mani kusan awa, yara sun kewaye ni kowa na son ya danna. Wallahi yankan ya yi kyau, in kin gan su cikin ruwa kamar a hoto. Na tsame na barbaɗa gishiri na zuba a mai yadda na saba, na cika kasko taf don in gama da wuri, da ya yi ja na kwashe na juye a kula na rufe kamar kullum. Aka kira salla, aka sha ruwa, aka buɗe kula. Duk sun langaɓe sun manne da juna, in kin ɗago guda sai ya sunkuyar da kai kamar yaron da aka kama hannunshi cikin tukunya. Auta ya ɗaga ɗaya sama ya ce “Umma yau taliya kika soya?” aka kwashe da dariya. Hajiya kau ba ta yi dariya ba, ta tauna a hankali ta ce “'yar nan, ni dai wanda na ci a Albaik da muka je Umra, in kina taunawa na kusa da ke sai ya ji.” Abban yara bai ce uffan ba, sai da dare ya ce wai nawa ma kika ce kin sayi injin nan? Ya san kuɗin sarai, so yake in sake faɗa da bakina.

Washegari na kira ƙanwata da ke aure a Jos, ita abincin biki take yi, mijinta kuma harkar dankali yake, yana lodi daga Bokkos da Mangu. Ta yi mani dariya har sai da na yi fushi, ta ce “Yaya ke ma dai, inji yanka kawai ya sani, ya ce maki zai soya ne?” Ita ta fara buɗe mani ido cewa manyan gidajen abincin nan ba ɗanyen dankali suke zubawa a mai ba. Tun a masana'anta ake yanka shi, a ɗan tafasa, a busar, a yi mashi suyar farko, a daskarar a ƙulle a leda, su aikinsu kawai suya ta biyu. Ke nan duk cibs ɗin da ya taɓa burge ki sau 2 ya shiga mai, ke kuma kina nan kina jefa shi sau ɗaya kina jiran ikon Allah. Da na bi na ɗan karanta daga baya sai na iske ba sabon abu ba ne, mutanen Beljiyam da ke cewa su suka fara wannan suyar, duk da a turance sunan Faransa aka liƙa mata, suya 2 suke yi tun can kuma da kitsen shanu. Su McDonald's ma, babban gidan abincin nan na Amurka, da kitsen shanu suke soya nasu har 1990 da suka koma farin mai.

Sai kuma shi dankalin kanshi. Irin da manyan kamfanonin can suka fi aiki da shi, Russet Burbank, dogo ne zabgege mai gari sosai, ruwanshi kaɗan, kamar don cibs aka halicce shi. Namu da ke zuwa daga Filato, irin su Nicola da Marabel, cikinsu ruwan ɗorawa, sun fi danƙo sun fi ruwa, dafawa da fate suka fi karɓa. Mu nan wa ke kiran sunan iri, mai dankali zai ce maki na Jos ne ko na rani ne shi ke nan. Ba wai namu ba ya yin ƙaras ba, yana yi, sai dai sai kin bi da shi kin rabu da ruwan jikinshi. Yanzu in na je saye ban yarda a zuba mani ido rufe, tsugunnawa nake in zaɓa da hannuna ko da za a ƙara mani wani abu a kuɗin, don an iya jera manya a sama a ɓoye 'yan firit a ƙasa. Manya dogaye nake ɗauka, waɗanda bawonsu ya kama jiki, ban da sabon haƙa da kina murza shi da yatsa bawon ke saɓulewa, wannan ruwa ne zalla. Wanda ya yi kore a jiki ki bar ma mai shi abinshi, haske ne ya buge shi, ga ɗaci ga ɓata ciki, in ɗan wuri ne ki yanke shi da zurfi. Kuma kar ki aje ɗanyen dankali a firij wai don kar ya lalace, sanyi na juya garinshi ya koma sukari, kina sa shi a mai zai yi duhu tun cikinshi bai nuna ba. Lungu mai iska marar haske ya ishe shi.

To ga yadda nake yi yanzu, bayan na ɓata dankali ya fi roba 3 wajen gwaji.

In na yanka da mai gida 64 sai in wanke shi ruwa 3, har ruwan ya daina yin fari kamar na gasara, don wannan farin shi ke sa su manne da juna a kasko. In bar shi a jiƙe kamar rabin awa ina wani aikin. Sai in ɗora ruwa kamar lita 2, in zuba khal, wato binega, cokali 2 da gishiri cokali 1, in ya tafasa in zuba dankalin, daga lokacin da ya sake tafasowa minti 5 ko 6 nake ba shi. Khal ɗin nan da farko na ɗauka ƙarya ce, na ce kar in je in ba mutane cibs mai tsami, ashe ko alama ba a jin shi, aikinshi kawai ya riƙe jikin dankalin kar ya farfashe. In babu shi ruwan lemun tsami na yi. Ranar da na san amfaninshi ita ce ranar da ya ƙare na dafa haka nan, kuma aka yi sallama na fita tarbar baƙuwa, gaisuwar Katsinawa kun san ba ta ƙarewa, ina gida ina yara ina Hajiya ya zafi, kafin in dawo rabin tukunya ya zama fate. Ranar faten muka ci, na yanka alayyahu na zuba na yi kamar da gangan ne. Abin da ake so ki ɗago guda ki lanƙwasa ya ɗan bi hannu amma bai karye ba.

Daga nan sai wurin da mafi yawanmu ke faɗuwa, busarwa. Ki tsane shi a kwando, ki shimfiɗa tsumma mai tsabta bisa babban tire, ki baza su kar wani ya hau wani, ki bar su har tururin ya ɗauke jikinsu ya yi ƙamas, in kin taɓa ba ki jin lema. In da wuta fanka nake kunna masu. Yanzu da muke cikin hunturu kau abin ya zo da sauƙi, iskar da ke fasa mana leɓe da diddige ita ce ta fi kowa iya busar da dankali, minti 10 a tsakar gida ya yi, sai dai ki rufa wani tsohon gyale mai shara-shara a sama in ba so kike ku ci da ƙura ba. Da damina sai kin ninka lokacin. Duk ɗigon ruwan da kika bari a jikinshi sai ya sanyaya maki mai, mai in ya yi sanyi kuma shiga dankalin yake maimakon ya soya shi, shi ne za ki ga ya fito laƙwas yana naso.

Suyar farko ba ja ake nema ba, wannan sai na yi ta nanata ma yarinyar da ke taya ni don hannunta ba ya haƙuri. Wuta matsakaiciya, masu ma'aunin zafi kan ce wajen digiri 160, ni ban da ma'auni, gindin muciya nake tsomawa, in na ga ƙananan kumfa na tasowa a hankali a gefenta to ya yi. Ki zuba cikin hannu 2 kawai, kar ki cika kasko, minti 3 zuwa 4, ki kwashe yana nan fari fat, sai dai jikinshi ya yi wata 'yar fata kamar an shafa mashi gam. In kika gan shi a lokacin za ki ce aikin banza na yi. Ki baza shi ya huce sarai. In wuta ta zauna ki sa a firiza ya daskare, wannan ya fi kowane kyau, don ƙanƙarar na farfasa cikinshi ya yi laushi kamar auduga, bayan kuma ya ƙara bushewa. Amma kun san halin wutar tamu, in ya daskare ya narke ya sake daskarewa ya tashi daga aiki, na taɓa yin na kwana 4 na aje, kwana 2 ba a kawo wuta ba, na iske shi cikin leda ya yi ruwa tsamo-tsamo. Tun daga nan na yini ɗaya nake yi, in firiza ta yi sanyi to, in ba ta yi ba hucewar kawai ma ta wadatar.

Suya ta biyu ita ce mai wuta, 180 zuwa 190, kina tsoma muciya za ki ga kumfa ta taso da sauri shaaa, amma kar ki bari mai ya fara hayaƙi. Nan ma kaɗan-kaɗan, minti 2 zuwa 3, za ki ji ƙarar man ta sauya ta ragu, in kin juya da matsami ki ji suna bugun juna kamar busassun kara. In daga firiza ne kar ki jira ya saki, ki kakkaɓe ƙanƙarar ki zuba a haka, ki ɗan ja baya. Daɗin tsarin nan da azumi shi ne duk wahalar kafin la'asar na ida ta, suyar ƙarshe sai saura minti 15 a kira salla.

Kuma dan Allah, dan Annabi, kar ki sa shi a kula. Na san tarbiyyarmu ce, abincin maigida sai a kula a rufe, amma kula kabarin cibs ce, tururin da ke fita jikinshi ba ya da hanya sai ya koma mashi, duk wahalar da kika sha minti 5 ta isa ta rushe ta. Kwando nake shimfiɗa ma takarda in juye a ciki a buɗe. Abban yara da farko ya ga kamar raini ne an kawo mashi abinci ba murfi, da ya ci sau ɗaya bai sake magana ba.

Kayan ɗanɗano kuma ba a mai ake sa su ba, tafarnuwa da tattasai in suka shiga mai mai zafi ƙonewa suke su yi ɗaci su baƙanta maki man. Haɗi nake yi in aje a kwalba: garin busasshen tattasai cokali 2, garin tafarnuwa cokali 1, citta rabin cokali, masoro rabin cokali, dunƙule 2, gishiri cokali 1. Sirrin shi ne ki zuba su duka a turmi ki daka har gishirin ya yi laushi kamar hoda, don gishiri mai tsakuwa ba ya kama jiki, gangarawa yake ya taru a gindin faranti. Ana kwashewa daga mai da zafinshi za ki barbaɗa ki girgiza kwandon, in ya huce ba abin da zai kama. Na manya ina ƙara masu yajin ƙuli irin na masu tsire, wannan kam ko Albaik ɗin ba su da shi, ƙannen Abban yara har faɗa suke a kai.

Akwai kuma mai riga, wanda za ki gan shi ja-ja da ɗan ɓurɓushi a jiki kamar na wasu gidajen kaza. Konfulawa cokali 3, garin shinkafa cokali 2, cokali 1 na haɗin nan, ki dama da ruwan sanyi tsararo kamar kokon da aka yi ma rowar gasara, bayan dankalin ya bushe ki juya shi a ciki ki tsane sannan ki yi suyar farko, ki riƙa zubawa ɗai-ɗai kar su dunƙule. Shi wannan ya fi jure jira, ya kan kai rabin awa da ƙarfinshi, shi nake yi in za a kai ma maƙwabta ko yara za su tafi da shi makaranta. Illarshi yana ɓata mai da wuri, sai kin tace bayan kowace suya.

Maganar mai, na gyaɗa na matan da ke ƙuli ya fi ƙamshi ba musu, amma wani yana kumfa, ranar nan saura ƙiris ya malalo bisa gas, Allah ne ya kiyaye. Tun daga ranar ban bari mai ya wuce rabin tukunya, kuma tukunya mai zurfi nake sawa ba kaskon ƙosai ba, murfinta na kusa da ni. In tsautsayi ya sa mai ya kama wuta kar ki kuskura ki watsa ruwa, ki kashe gas ki kifa murfi. Kitsen shanu ma na gwada saboda labarin Beljiyam ɗin nan, na sa aka amso mani wurin mahauta na narkar na tace, ludayi ɗaya cikin farin mai. Ƙamshin ba a magana, Hajiya da kanta ta ce a ƙaro mata, sai dai in ya huce yana daskarewa a ganɗa, na ci da zafi ne kawai. Gaskiyar da zan faɗa kuma ita ce suya 2 na cin gas, wadda ke lissafin kilo ta san da haka kafin ta fara.

To mu dawo kan injin, tunda shi aka tambaye ni. Inda ya yi rana shi ne duk dabarun nan ba sa aiki in yankan bai zo ɗaya ba, minti 5 a ruwan zafi zai narkar da siriri ya bar mai kauri ɗanye, shi kuma kansu ɗaya yake fiddowa, nan kam na ba shi makinshi cif. Lokaci ma ya rage mani sosai, duk da fira tana nan daram, ba abin da ya ɗauke maki a ciki.

Amma robar gindin nan ƙarya ce tsagwaronta. Bisa siminti ba ta kamawa, bisa teburin katako ba ta kamawa, sai tayil mai santsi da aka ɗan jiƙa, shi ma kina danna na 5 za ta saki injin ya yi gaba dankali ya yi ƙasa. Sai da na kai ma kafinta ya ɗaure mani shi da kusoshi bisa wani faffaɗan katako, yanzu a ƙasa nake aje shi in taka katakon da ƙafa in danna, lafiya lau. Kwarin kuma gajere ne, dankalin da ya yi girma sosai sai kin rage mashi kai, ga shi dogon ake so, ƙananan kuma gutsi-gutsi suke fitowa. Kowane dankali yana barin 'yan siraran gefe, su ki ware su don su ke fara ƙonewa, ni miyar ƙwai nake jefa su.

Babban abin haushin shi ne wuƙa. Bayan salla na ce bari in yi ma yara na dankalin hausa, na sa mai gida 36 na danna ya ƙi, na tashi tsaye na danna da ƙarfina, sai ji na yi ƙwas, layi 2 sun lanƙwashe sun haɗe. Na naɗe ta a leda na koma shagon. “Malam ga wuƙarka ta lanƙwashe.” Ya juya ta ya ce “Hajiya me kika sa mata?” Na ce dankali mana. “Wane iri?” Na yi shiru, can na ce na hausa. Ya yi murmushi ya ce “ai kin ji, Hajiya ke ma kin san na hausa da taurin kai.” To ni laifina na amsa, amma ranar da yake zuba mani daɗin baki bai ce ban da na hausa ba, kwalin kuma hotuna ne da rubutun da ba mai iya karantawa. Na ce a sayar mani da wata wuƙar, ya ce ba ta zuwa daban amma sati mai zuwa yaronshi zai shiga Kano zai duba. Sau 3 ina komawa, kullum sati mai zuwa, har na gane satin nan ba mai zuwa ba ne. Wani mai gyaran risho a bakin titi ya miƙe mani ita da filaya N300, tana aiki, sai dai layi ɗaya a karkace yake fitowa har yau. Doya ma kar ki gwada. Kokwamba yana yankawa sumul, karas in ɗanye shar ne kuma kin gajarta shi.

Wanki wani aiki ne, dankali na maƙalewa a kusurwar kowane gida, in kika bar shi ya bushe sai kin jiƙa. Tsohon burushin haƙori na ware mashi. Kar ki sa yatsa, na sa sau ɗaya, kwana 3 ina alwala da dabara. An ce mani ba ya tsatsa, jikin dai bai yi ba amma kusoshin da ke riƙe wuƙar tun damina suka yi ja, yanzu in na wanke sai na shanya shi a rana na shafa ɗan mai kafin in aje.

In gidanku mutum 3 ne ko 4, wallahi ki riƙe kuɗinki ki sayi wuƙa mai kyau ki kai a wasa maki, ki yanka a faifai-faifai sannan ki jera ki tsaga, za ki samu abin da ya kusa. In kuma irin gidanmu ne, ko kina 'yar sana'ar dankali da ƙwai, ya cancanci kuɗinshi, amma ki ɗaga shi ki ji nauyi, ki duba mariƙin ƙarfe ne ba roba ba, ki sa a gwada maki wuƙa 2 ɗin duka a gabanki, kuma ki tambayi maganar wuƙar canji tun kuɗinki na hannunki.

Sai ki shirya ma 'yan aro. Jiya ma ɗiyar maƙwabta ta yi sallama, wai in ji Mamanta a ba ta aron inji za su yi baƙi. Na kwance mai gida 64 na ɓoye a durowa, na ɗaura mata gyararriyar, na ce ki gaida Mamanku ki ce mata ban da dankalin hausa. Bayan magariba aka maido shi cikin leda an wanke tas, har da alawa ta Auta. Na ɗaga shi wajen fitila ina dubawa, sai ga ɗan guntun jan bawo maƙale tsakanin haƙoran robar.